Zafin Afrilu a Ɗakin Sarva

Har aka kira sallar asuba Ilyasu bai runtsa ba. Zafin Garwa ya saba da shi tun yana yaro. Abin da ya hana shi barci tambaya ce da ta tsaya masa a rai. Shin shi injiniya ne, kamar yadda takardarsa ta jami'ar Ngaundere ta shaida, ko kuwa mai gyaran firinta ne da aka ɗaura wa taye?

Shekara huɗu ke nan yana kula da kwamfutocin wata makarantar koyon jinya mai zaman kanta. A wani ɗan ɗaki marar taga aka ajiye sarva, babbar na'urar da ke riƙe da sunaye da makin ɗalibai. Mako biyu da suka wuce kilim ɗin ofishin darakta, wato na'urar sanyaya ɗaki, ta daina sanyi, sai darakta, Alhaji Jafaru, ya sa aka ciro ta ɗakin sarva aka kafa a nasa. Tun ranar sarva ta kashe kanta sau uku saboda zafi. Makarantar ba ta da wata na'ura da za ta maye gurbinta, ga shi ranar Juma'a ake rufe rajistar jarrabawar ƙarshe ta ɗalibai ɗari biyu.

Alhaji Jafaru aminin mahaifin Ilyasu ne, rumfunansu na yadi sun yi shekaru suna maƙwabtaka a babbar kasuwa. A kan teburinsa kuma takardar ƙarin girman Ilyasu zuwa shugaban sashe take kwance, tana jiran sa hannu.

Da hantsi Ilyasu ya shiga ofishin darakta, ya rusuna ya gaishe shi.

"Baba, a kan maganar kilim ne."

"Injiniya ke nan," in ji Alhaji yana murmushi. "Ni da nake da hawan jini in zauna cikin gumi, ƙarfe ya sha iska? Ka taɓa jin an kai kwamfuta asibiti?"

"Idan ta ƙone, Baba, rajistar yaran nan ta tafi."

"Sa mata fanka. Na ce ka sa mata fanka." Ya ɗora tafin hannu a kan takardar ƙarin girman, kamar bai lura da inda ya ɗora shi ba. "Mahaifinka bai taɓa maimaita mini magana sau biyu ba."

Ilyasu ya sunkuyar da kai. A gidansu ba a musu da aminin uba, ko da a kan lissafin da yaro ya fi shi sani ne. Ya ce to, ya fito.

A bakin ƙofa sakatariya, Madam Geneviève, ta dube shi ta saman tabarau.

"Ya ce fanka, ko? Jiya ma haka ya ce wa mai ɗakin magani. Ka bar shi ya sa maka hannu tukuna, ƙanena, sannan ka yi jarumtarka."

"Kafin ya sa hannu an yi Juma'a, Madam. Yaushe zai fita?"

"Ƙarfe sha ɗaya, yana da taro a ofishin lafiya na lardi. Me ya sa kake tambaya?"

"Riƙe mini ƙofa kawai nake so ki yi."

Ya koma ɗakin sarva, wanda iskarsa ke dukan fuska kamar bakin tanda. Ya tsaya yana sauraron kukan fankokin na'urar. Abokan karatunsa suna Duwala suna kula da ɗakuna masu sanyi, shi kuwa yana nan yana roƙon izini ya yi aikin da aka ɗauke shi dominsa. Ya ga cewa idan wannan ne farashin kujerar shugaban sashe, to, kujerar ba ta injiniya ba ce.

Da motar darakta ta fita, ya zaga ofisoshi ya sanar cewa aiki zai tsaya na minti arba'in. Ya kashe sarva bisa ƙa'ida, ya yanko waya mai tsawon mita talatin, ya bi da ita gefen bango yana kafa ta da ƙananan ƙusoshi. Sannan ya rungumo na'urar, ƙarfenta na ƙona masa damtse. Madam Geneviève ta buɗe masa ƙofar ofishin darakta.

Ya ajiye ta daidai ƙarƙashin kilim, dab da kujerar darakta, inda ƙararta za ta cika ofishin. Ya haɗa wayoyi, ya kunna, ya tsuguna yana kallon ma'aunin zafi yana sauka sannu a hankali. Da ya tabbatar shafin rajista ya buɗe, ya rubuta a 'yar takarda cewa shi ne ya yi, ya sa hannu da cikakken sunansa, ya liƙa a jikin na'urar. Ya ja ƙofar da kyau don kada sanyin ya fita, ya koma teburinsa ya ci gaba da aiki.