Kwalbar Jinin Tsohon Shugaba

Nas ɗin ta ɗaure masa dantse da roba, ta ce, "Baba, dunƙule hannun."

Baba! Duk shekarun da ya yi yana shugabancin asibitin nan, babu wanda ya taɓa ce masa komai sai "ranka ya daɗe". Ya dunƙule hannun yana bin ɗakin gwajin da kallo, ko zai ga ƙura a taga ko shara a lungu. Bai ga komai ba, ransa ya ƙara ɓaci.

Tun da ya yi ritaya bai tako nan ba, sai yau da ciwon sukari ya matsa masa. Likitar da ta gaje shi, a hannunsa ta koyi ɗinke rauni. Ranar da aka naɗa ta ya ce wa matarsa ba za ta kai ƙarshen shekara ba. Amma yau tun daga ƙofa mai gadi ya tare shi da "Shugaba ta ce, Shugaba ta yi", kamar ita ta haife shi. Da ya wuce ɗakin taro kuma har dariya ya jiyo. Dariya, a taron safe!

A kujerar gefensa wata tsohuwa ce, tafin hannunta fari fat, ita ma an ɗebi jininta. Nas ɗin ta ajiye kwalaben biyu a faranti ɗaya. Kafin ta rubuta suna aka kira ta daga bakin ƙofa. Da ta dawo, sai ta ɗauki kwalbarsa ta rubuta sunan tsohuwar.

Ya gani sarai. Ya buɗe baki, ya sake rufewa.

Har yanzu yana da kujera a kwamitin asibitin, ko da yake ya daina zuwa. Ya hango kansa a zama na gaba, ya cire tabarau a hankali yana cewa, "Ni kaina aka yi wa." Wani sanyin daɗi ya ratsa shi, irin wanda ya daɗe bai ji ba.

A bencin jira ɗiyar tsohuwar, wadda ta rako ta, ta matso kusa da shi. "Baba, an ce kai likita ne. Wai jininta ya yi ƙasa. In sakamako ya fito za su ƙara mata, ko?"

Ya san nasa jinin a cike yake. Sakamakon zai ce tsohuwa lafiyarta ƙalau, a mayar da ita gida.

"In Allah ya yarda," ya ce, ya kawar da kai. Ai zai yi magana. Bari dai sakamakon ya fito tukuna, kowa ya gani.

Bai gama wannan tunanin ba sai ga Shugaba tafe da sauri, nas ɗin na biye da ita ido ya yi ja, babbar nas a bayansu. Shugaba ta rusuna.

"Malam, ka shigo ba ka sa an gaya mini ba? Ka yi haƙuri, mun yi kuskure. Wannan ta zo ta same ni, ta ce zuciyarta ba ta kwanta da kwalabenku ba. Mun zubar, za a sake ɗiba." Ta juya ga ɗiyar tsohuwar. "Na Mama za a fara, ni zan tsaya a kai."

Sannan ta dubi nas ɗin, ba tare da ta ɗaga murya ba. "Me ya jawo?"

"Kirana aka yi ban rubuta suna ba."

"To daga yau sai an rubuta suna kafin a soka allura, kuma ba mai kiran wanda ke ɗibar jini. Gobe ke za ki faɗa wa sauran a taro. Kin kyauta da kika zo."

Kin kyauta! Ya bari sun shige da tsohuwar, sannan ya ce wa babbar nas, wadda ta yi aiki a ƙarƙashinsa tun tana budurwa, "A zamanina da yau ta bar aikin nan."

Ta gyara ɗankwalinta, ta yi ɗan murmushi. "A zamaninka, ranka ya daɗe, ai da ba ka ji ba."

"Ban ji me ba?"

"Komai ma. Mu muka san yadda muke binne abinmu." Ta kama gwiwar hannunsa. "Taso, ni zan ɗebi naka."

Ya bi ta. Ta rubuta sunansa a kwalba, ta nuna masa, sannan ta soka allurar. Ta cikin labule yana jin muryar Shugaba tana tsokanar tsohuwar, tsohuwar na dariya har da tari.

A mota matarsa ta rage rediyo. "Yaya ka ga asibitin naku?"

Ya daɗe yana danne audugar da ke hannunsa.

"Fentin da suka yi," ya ce, "ya cika haske."