Silinda Ta Tsakiya

Malam Hamadu bakaniken babura ne a unguwar Briqueterie, kuma bai taɓa yarda inji ya gyaru ba sai ya ji shi da kunnensa. Duk babur ɗin da ya ɗaure sai ya tayar da shi, ya bar shi a tsaye yana guna, shi kuwa yana kurɓar shayi yana saurare. Rodaj ake ce wa wannan a layinsu, kuma a wajensa ya kusa zama farilla.

'Yarsa Karimatu, wadda yake kira Uwata don sunan mahaifiyarsa ta ci, tana shekarar ƙarshe a karatun injiniya. Aikin da za ta kare gaban malamanta shi ne kwaikwayon wani tsohon injin jirgin sama. Ta ba shi labarin wani Ba'italiye mai ƙera babura, sama da shekara ɗari da suka wuce, wanda ya jera silinda uku kamar yatsun hannu a buɗe, ya maƙala musu farfela, abin ya ɗaga jirgi. Tun daga ranar Malam Hamadu ya ɗauki Ba'italiyen nan ɗan sana'arsu, har yana cewa “mutumina”.

A kusurwar garejinsa ta haɗa nata, da silindar tsofaffin babura uku da ta sha wahalar tsintowa, da farfelar katako da wani kafinta a unguwar Messa ya sassaƙa mata. Ranar Litinin za ta gabatar. In injin bai tashi ba, sai ta maimaita shekara.

Ran Juma'a da safe ta tafi makaranta, ta bar shi da injin, suna kallon juna. Ya yi haƙuri iya haƙurinsa. Injin da ba a yi wa rodaj ba, a kai shi gaban manya? Garejin ƙunci gare shi, ga mata na wucewa ta ƙofa da kwanuka a ka, don haka ya kwance farfelar ya jingine ta a bango, ya naɗa igiya ya fizga kamar mai tayar da janareta. Injin ya kama da wani irin ruri, har Alim mai tsire ya leƙo daga tsallake. Malam Hamadu ya washe baki, ya zuba shayi. Bai kai rabin kofi ba ya ji ƙauri, injin ya yi kuwwa, ya tsaya cak.

Da Karimatu ta dawo ta tarar da shi zaune a ƙasa, silindar tsakiya a hannunsa, cikinta ya karce, fistin ya narke a jiki.

“Baba, ina farfelar?”

Ya nuna bango da haɓa.

“Ita ce ke masa fifita, ita ce ke riƙe gudunsa. Wannan ba babur ba ne, Baba. Na kankare fiffiken da ke sanyaya silindar don ya yi sauƙi irin na mutanen da.”

Ba ta ɗaga murya ba, kuma wannan ya fi masa ciwo. Kunya ta rufe shi, irin wadda bai taɓa ji ba gaban mai babur.

“Kada ki yi kuka, Uwata. Ni na ɓata, ni zan nemo.”

Bayan sallar Juma'a ya bazama kasuwar Mokolo, washegari ya karaɗe Messa da Tsinga. Kowa amsa ɗaya, wannan samfurin ya ƙare, sai sababbi, su kuwa ba za su hau ba. Yana komawa a kan babur ɗinsa ne ya lura da abin da ke bugawa tsakanin ƙafafunsa. Tsoho ne, tun kafin ya yi aure yake hawansa, a kan tankinsa ya riƙa kai Karimatu makarantar firamare. Samfurin silindarsa ɗaya da wadda ta lalace.

Karimatu ta same shi ya riga ya kwance silindar babur ɗin.

“Haba Baba. Da me za ka riƙa yawo?”

“Ƙafa ba ta ƙare ba. Miƙo min sifana.”

Tare suka ɗaure, amma wannan karon ita ke faɗa shi yana bi, ya haɗiye shawarwarinsa da ƙyar. Ran Lahadi da hantsi suka tura injin a kura zuwa filin ƙwallon unguwa, suka ɗaure shi tam da turaku. Karimatu ta kori jama'a baya, ta yi bismilla, ta kaɗa farfelar. Injin ya yi tari, ya sake, sannan ya kama. Iska ta kwashe hular Alim ta yi gaba da ita, mutane na ta dariya.

Malam Hamadu bai yi dariya ba. Ya rufe ido ya karkata kai, yadda ya saba. Injin na tafiya sumul, babu ƙauri. Karimatu ta matso ta ɗaga murya a kunnensa.

“Yaya ka ji shi, Baba?”

“Lafiya lau. Kin ji ta tsakiyar nan mai ɗan kaushi? Tawa ce. Gobe ma ita za ta kai ki makaranta.”