Ba Ɗan Adawa a Bikin 'Yata

Akwai wata cuta da ta shigo ƙauyukanmu. Ba ta sa zazzaɓi, ba ta kwantar da mutum, amma tana raba shi da maƙwabcin da suke jin tarin juna. Gabar siyasa nake nufi, wato mutum ya riƙa auna kowa da inda ya dangwala ƙuri'a. Malam Ƙasimu na Basirka ya kamu da ita, kuma a bikin 'yarsa ta kayar da shi.

Da hantsi ne, yana zaune a kan turmi a tsakar gida, rediyo manne da kunne, ana zagin wata jam'iyya yana gyaɗa kai. Shi ne shugaban jam'iyyarsu na akwatin unguwa, shi ya sa 'yan siyasa ke ce masa Ciyaman. 'Yarsa Juwairiyya ta durƙusa a gabansa. Tun da mahaifiyarta ta rasu su biyu suka rage a gidan.

"Baba, mun yi magana da Abdulnasir. Ba ma son taro. A ɗaura aure a masallaci, danginsa su zo mota ɗaya daga Birnin Kudu, a ci abinci, a kai ni. Shi ke nan."

"Madalla. Yaron nan yana da hankali. Su wa za su yi aikin?"

"Girki dai Iya Kubra."

"Kubra matar wa?"

"Haba Baba, katanga ɗaya ce fa tsakaninmu."

"Matar wanda ya tsaya wa 'yan adawa ejan ranar zaɓe, ana ƙirga ƙuri'unmu yana dariya? Wuce gaba."

"Hoto kuma Gerald, mai shago kusa da asibitin Birnin Kudu. Mutum ne mai kunya, ba ya shiga cikin mata sai an yi masa izini."

"Ba shi ya buga musu fasta ba?"

"Ya buga muku ku ma."

"To, laifin ya ƙaru. Wanda ya buga wa kowa ba shi da alƙibla. Sai wa?"

Juwairiyya ta murza bakin zanenta. Wannan sunan shi ne dalilin zuwanta. Da zai bar mata shi, da ta haƙura da sauran duka.

"Lalle, da kai ni ɗaki. Inna A'i."

Malam Ƙasimu ya kashe rediyon.

A'i aminiyar marigayiya ce tun suna 'yan mata. Ita ta yi jinyarta har ƙarshe, kuma a gaban Juwairiyya marigayiya ta riƙe hannun A'i ta ce ita za ta sa wa yarinyar lalle, ita za ta kai ta gidan miji. Ƙasimu ya san wannan sarai. Abin da ya fi sani shi ne mijin A'i, Malam Aminullahi, shi ke riƙe da jam'iyyar adawa a unguwar.

"Na gayyaci Honorabul, ɗan majalisarmu," in ji shi. "Ya ce zai zo da kansa. So kike ya shigo gidana ya tarar da matar Aminullahi tana rabon abinci? Me zan ce masa? Ba ɗan adawar da zai taɓa ko cokali a bikin 'yata."

"Baba, aurena ne, ba kamfe ba."

"Tashi ki ba ni wuri."

* * *

Maganar ba ta kwana ba ta isa kunnen A'i. Ba ta aiko kowa ba, da kanta ta zo, riƙe da ƙullin lallen da ta daka ta tankaɗe tun da aka sa rana. Ta yi sallama ta tsaya a bakin zaure.

"Malam Ƙasimu, na ji wata magana, na ce ƙarya ake yi maka."

"Ba ƙarya ba ce."

"Ni ban san ofishin jam'iyya ba. Ranar zaɓe ma ina gona. Amana aka ba ni, ka bar ni in sauke, in na kai ta ɗaki ka ci gaba da gabarka da maigidana har tashin duniya."

"Tuwon da kike ci, kuɗin wa ne? Na 'yan adawa ne."

"Lokacin da nake kwana a asibiti da matarka, tuwon wa nake ci? Ba ka tambaya ba."

Da mutum ne mai jin magana, da nan ya sunkuyar da kai. Amma akwai 'yan jam'iyya biyu zaune a dakalin ƙofar gida suna saurare, shi kuwa Ƙasimu su yake kallo, ba ita ba. Ya ɗaga murya don su ji.

"A'i, kada ƙafarki ta sake taka gidan nan. Ke da Kubra duka. Na faɗa!"

A'i ta dube shi, ta gyara mayafinta. "To, na ji. Allah ya sa a yi lafiya."

Daga cikin ɗaki Juwairiyya tana jin komai. Ta cusa fuska a filo don kada 'yan dakali su ji kukanta su kai gaba.

* * *

Ƙasimu ya hau acaɓa zuwa ofishin jam'iyya a Gwaram, a can ya zaɓo masu aikin bikin 'yarsa. Bai tambayi ko ɗaya daga cikinsu ko ya iya aikin ba. Girki da lalle ya damƙa wa Hajiya shugabar matan jam'iyya, ta ce yaranta za su yi. Rumfa da kujerun roba ya ba Yahuza, wanda ke kafa wa Honorabul rumfa a kowane taro. Hoto kuma Kamaluddeen, mai ɗaukar Honorabul a waya yana sa wa a intanet.

"Ciyaman, ka kwanta ka yi barci," in ji Hajiya. "Bikinka bikinmu ne. Aiko da kayan girki gidana kawai, a can tukwanena suke."

Ya aika mata buhun shinkafa, da jarkar mai, da akuyoyi biyu da marigayiya ta bari.

Daga nan aka shiga jira. Juwairiyya ta kira Hajiya a kan maganar lalle, aka ce tana mitin. Ta sake kira, aka ce ta tafi Dutse. Ana gobe ɗaurin aure, ranar da ya kamata a ce amarya tana zaune ƙafa a naɗe mata na yi mata tsiya, gidan shiru kamar an yi ƙaura. Matan unguwa kuwa, da suka ji abin da aka yi wa A'i da Kubra, kowacce ta kama ɗakinta.

"Baba, ba wanda ya zo."

"Za su zo da sassafe. Mutanen nan manya ne, ayyuka sun yi musu yawa."

"Ko ruwan da baƙi za su sha ba a ɗebo ba."

"Na ce za su zo!"

* * *

Da safe Ƙasimu ya sa babbar riga ya fito bakin titi. Can sai ga a-kori-kura ta Yahuza, an lafta mata rumfuna da kujeru. Ya yi murmushi ya ɗaga hannu. Motar ta rage gudu, amma ba ta tsaya ba sai da ya bi ta yana dukan ƙarfe.

"Yahuza, ka wuce kwanar! Nan ne gidan."

Yahuza ya leƙo ta taga. "Au, Ciyaman, ba a gaya maka ba? Gwaram za mu. Yau Honorabul zai sauya sheƙa, za a ba shi tutar can ɓangaren. Jiya aka gama magana. Duk wata rumfa da kujera ya kama."

"Wane ɓangaren?"

"Na su Malam Aminullahi mana. Ai duk mun koma. Hajiya tun asuba take can tana girki. Kamaluddeen ma yana gaba."

"Da shinkafata take girkin?"

"Wallahi ban sani ba. Ta dai ce an haɗa tukunya, in taro ya tashi za a aiko maka da naka. Matsa, Ciyaman, mun makara."

Ƙasimu ya kira lambar Honorabul. Ta yi ta ringi har ta katse. Ya kira Hajiya, wata yarinya ta ɗauka, bayan muryarta ana ta kiɗa, ta ce a kira an jima.

An ɗaura aure, don liman ba ruwansa da rumfa. Amma da aka fito daga masallaci, dangin ango da suka zo daga Birnin Kudu suka tsaya a ƙofar gidan Ƙasimu cikin rana, dattijai da tsofaffin mata, ba wurin zama, ba ruwa, ba hayaƙi a madafa. Baffan ango ya dubi agogo, ya dubi Ƙasimu.

Sai ga Juwairiyya ta fito lulluɓe da mayafi, hannu da ƙafa fari fat ba ɗigon lalle. Ba ta dubi mahaifinta ba. Ta ratsa baƙin, ta tsallaka lungu, ta shige gidan A'i.

Ba a jima ba hayaƙi ya tashi daga can. Kubra ta fito da tukunyarta a ka, wasu mata suka bi ta da kwanon gero, da wake, da ɗan manja, kowacce da abin da ta samu. Malam Aminullahi ya fito ya shimfiɗa tabarmi a inuwar darbejiyarsa ya ce wa baƙi, "Bismilla, ku iso nan." Suka tashi gaba ɗaya suka koma can.

Malam Aminullahi ya hango Ƙasimu tsaye shi kaɗai, ya ɗaga masa hannu. "Malam Ƙasimu, zo ka zauna mana. Ai ka ji labari, yanzu ubangidanka namu ne. Ni ko taron ban je ba, ina da baƙi."

Ƙasimu ya juya ya shiga zaure.

Bayan la'asar aka kawo masa amarya don sallama, kamar yadda aka saba. Lallen bai gama kamawa ba, ja-ja ne kawai, na gaggawa. A'i na riƙe da hannunta na dama, Kubra na hagu. Da suka iso bakin zauren, matan biyu suka ja suka tsaya.

"Ku shigo da ita mana," in ji Ƙasimu, murya ƙasa-ƙasa.

"Ka hana mu," in ji A'i. "Kuma mun ji."

Dole shi ya fito. Juwairiyya ta durƙusa a kan ƙasar titi ta ce, "Baba, zan tafi." Duk nasihar da ya tanada ta gudu daga kansa. Ya ce Allah ya ba da zaman lafiya, ya maimaita, ya tsaya nan. Motar ango ta ɗauke ta daga ƙofar gidan A'i.

Ga abin da gabar ta ci masa. Buhun shinkafa da jarkar mai da akuyoyin marigayiya sun tafi cikin 'yan taron Gwaram, ko loma ba a aiko ba. Hoton bikin 'yarsa tilo ko ɗaya babu. Sabuwar jam'iyyar ba ta buƙatar shugaban akwati, don tana da Aminullahi, tsohuwar kuma ba wanda ya rage a cikinta da zai ce masa Ciyaman. Kubra ta daina miƙo masa tuwo ta kan katanga. Honorabul bai taɓa kiran sa ba.

A Birnin Kudu kuwa, in aka tambayi dangin Abdulnasir daga wane gida suka auro matarsa, sai su ce, "'Yar gidan A'i ce, ta Basirka."