Rigar Mujiyar Darlene

Tun ƙarfe biyu na rana Darlene ta faka mota a harabar gidan tsofaffi, amma ta kasa fita. Leda mai ɗauke da rigar mujiya na kan cinyarta, waje kuwa sai sanyin Winnipeg, birninsu a Kanada.

"Wai ke da gaske kike?" in ji yayanta Glenn ta waya. "Shekara hamsin da biyu, ki shiga rigar mujiya? Ai sai su riƙe ki, su ba ki gado kusa da na Mama."

"Don Allah Yaya, ka bar ni da abin da ya dame ni."

Abin da ya dame ta kuwa ba ƙarami ba ne. Wata bakwai ke nan rabon da mahaifiyarsu ta kira sunanta. Ciwon mantuwa ya ci ƙarfin tsohuwar, in Darlene ta je sai ta gaishe ta da ladabi kamar mai kawo mata magani. Glenn ya haƙura tuni. Ita ce dai ta kafe.

Jiya ta tono rigar a ƙasan akwati. Mama ce ta ɗinka mata ita da tsohon labulen falo tana 'yar shekara bakwai, gashin ma ɗaya-ɗaya ta yanka ta jera. Burmemiya ta yi ta, yadda za ta hau kan rigar sanyi, don da wuya Halowin, ranar da yara ke shigar ɓad da kama, ta zo babu dusar ƙanƙara. Kai, wancan zamani! Yara su cika layi maƙil, kowa da rigar filo a hannu, gida-gida suna ihu a ba su alewa da tuffa. Mama kuwa tana bakin ƙofa da kwano, ba ta ba yaro komai sai ta canki sunansa, ko ya rufe fuska ruf. Ba a taɓa jin ta yi kuskure ba.

Yau Halowin ce, ma'aikata sun jera tsofaffin a babban falo, kowa da kwanon alewa, 'yan makaranta na bin su. Darlene ta zura rigar, da ƙyar ta kai mata ƙugu, ta bi bayan layi. In Mama ta firgita fa? In kuma ta miƙo mata alewa ta ce na gaba ya matso? Wannan ta fi tsoro.

Ta durƙusa gaban keken guragun da Mama ke zaune a kai. Tsohuwar ko fuskarta ba ta kalla ba, sai ta kamo bakin rigar, ta juya shi, tana bin zaren da yatsa.

"Wannan ɗinkina ne."

"Naki ne, Mama."

"Darlene na ɗinka wa."

Sunan ya fito tas. Hawaye suka ɓalle wa Darlene. "Eh Mama, ai ga ni..."

Tsohuwar ta ɗago kai, ta haɗe rai.

"Baiwar Allah, ko kunya ba ki ji? Babba da ke ki ɗauki kayan yarinya? Maza tuɓe. Yanzu za ta dawo daga makaranta, in ba ta gan ta ba kuka za ta yi min."

Darlene ta tuɓe rigar, ta ninke, ta ɗora mata a cinya. Sannan ta jawo kujera ta zauna gefenta, su biyu suna kallon ƙofa.