Farin da Baban Tsigi Yake Gogewa

Ba da niyyar binciken komai Maman Tsigi ta zauna gaban kwamfutar ba. Mijinta, wanda duk layin ke kira Mai Hoto, ya tafi ɗaukar wani taro, ya bar mata shago da saƙon cewa wata mata za ta zo karɓar fasfo, a buga mata takwas. Ta ɗora Tsigi, 'yarsu mai shekara biyu da rabi, a kan kujerar da ke gaban shuɗin labule, ta miƙa mata biskit, ta shiga neman hoton matar.

Hannunta ya kuskure, ta buɗe wani fayil da aka rubuta wa "ɗanye". Hotunan Tsigi ne, kowanne biyu-biyu. Na dama ta san su, har akwai wanda ke rataye a falonsu. Na hagu ba ta taɓa ganinsu ba. A cikinsu ƙwayar idon yarinyar ta hagu fara ce fat, tana sheƙi kamar idon kyanwa in an haska ta da tocila. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Mafi daɗewa ya kai wata bakwai, kuma a cikinsa farin bai fi kan allura ba.

Matar fasfo ta zo, ta karɓa, ta tafi. Maman Tsigi ba ta iya tuna ko ta amsa gaisuwarta ba.

Da la'asar Mai Hoto ya dawo, kyamara a wuya, yana ƙorafin mutanen da ke rufe ido daidai lokacin da aka danna. Ta juyo masa da fuskar kwamfutar.

"Baban Tsigi, mene ne wannan?"

Ya leƙa, ya yi dariya. "Filasha ce. Kowa idonsa yakan yi haka in haske ya buga shi, sai mu gyara. Aikina ke nan ai. Ƙuraje nake gogewa, da tabo, har furfurar masu ɓoye shekaru."

"Na sauran mutane wace kala yake yi?"

"Ja."

"Wannan fa?"

Ya sake leƙa hoton, dariyar ta ɗauke.

"Kuma kullum na hagu," in ji ta.

Ta durƙusa gaban yarinyar. Ta rufe mata idon hagu da tafin hannu, ta ɗaga biskit. Tsigi ta ƙyalƙyale, ta cafke. Ta sauya hannu, ta rufe na dama. Yarinyar ta tsaya cak, ta shiga lalube a iska, sannan ta fashe da kuka tana ture hannun uwarta. Nan Maman Tsigi ta tuna bakin teburin falo da Tsigi ke yawan karo da shi, kullum da gefe guda, har suna tsokanarta da direba mara lasisi.

Ba ta yi kuka ba. Ta tura hotunan ɗanyen duka cikin wayarta, ta ce masa ya rufe shago.

Washegari da safe suna asibitin ido. Nas ta ɗiga wa Tsigi magani mai buɗe ƙwayar ido, tana lallashinta: "Hajiya ƙarama, daina harbi, ni ma 'yar aiki ce." Suka zauna a benci kusa da wani tsoho mai bandeji a fuska, wanda ya ba su labarin yadda ya tashi rana ɗaya ya ga kamar an saukar masa da labule a ido. Maman Tsigi tana jin sa kamar rediyon maƙwabta.

Likitar mace ce, da fitila ɗaure a goshi. Ta daɗe tana haska idon, ta sa aka yi hoton cikinsa, sannan ta ja kujera ta zauna.

"Tun yaushe kuka fara ganin farin?"

Mai Hoto ya kalli takalminsa. Matarsa ta miƙa wayar. "Ga su nan, likita, da kwanan wata."

Likitar ta bi hotunan a hankali har ƙarshe, ta ajiye wayar. Ta ce farin ƙwayar ido a jikin yaro yakan zama yanar ido ce, a cire ta gani ya dawo. Na Tsigi ba yana ba ne. Ƙari ne a can bayan idon, irin mai yaɗuwa. In ƙarami ne, ana gwada magani ko a ƙona shi da haske a bar ido a wurinsa. Wannan ya cika idon, kuma idon ya daɗe da daina gani. Abin tsoro yanzu shi ne ƙarin ya bi jijiya ya fita. Shawararta a cire idon cikin makon nan, in ya warke a sa na roba. Na dama lafiyarsa ƙalau, amma za a riƙa duba shi a kai a kai.

"Da na kawo ta tun hoton farko fa?" in ji Mai Hoto.

"Da wataƙila muna wata maganar," in ji likita. "Amma yau ma ba ku makara ga ranta ba, in dai sauran gwaje-gwajen sun fito yadda nake fata."

Maman Tsigi ta juya katin asibiti, ta ari biro. Daga ƙarfe nawa za a hana ta abinci? Kwana nawa za su yi? Riga mai maɓalli ko mai shiga ta kai? Tana tambaya tana rubutawa, rubutunta a miƙe kamar na jerin cefane.

Aka kawo takardar amincewa. Aka miƙa wa uban. Ya riƙe biron, ya kai bakin layi, hannun ya ƙi. Ta jira shi iyakar abin da za ta iya, sannan ta zare biron daga yatsunsa ta sa hannu.

A hanyar komawa ta ce su biya ta shago. Ta goge wa Tsigi baki da gefen mayafi, ta gyara mata wuyan riga, ta ɗora ta gaban shuɗin labulen.

"Ɗauke ta."

"Maman Tsigi, ki bari sai..."

"Da filasha. Laraba za a yi aikin."

Ya ɗaga kyamarar. Tsigi, wadda ta saba da sana'ar ubanta, ta karkata kai ta washe haƙora tun ba a ce mata ba. Haske ya walƙa.

Da hoton ya fito a kwamfuta, hannunsa ya tafi wajen gyara da kansa, don sabo. Ta ɗora nata a kai.

"Bar shi yadda yake."

Ita ta danna bugawa. Ta tsaya tana kallon takardar na fitowa kaɗan-kaɗan: gashi, goshi, sannan idanu biyu. Ta jira tawadar ta bushe, ta sa hoton cikin jaka tare da katin asibiti, ta goya 'yarta.