Ranar Ƙona Kofur Bram

Warwick Pascoe da bakinsa ya yi rantsuwar, a gaban wayar abokinsa Spiro, ba wanda ya tilasta masa. Ya ɗaga ɗan mutum-mutumin roba sama, ya ce muddin kamfanin Amurkan da ya sake yin katun ɗin "Masu Gadin Wata na Bakwai" bai fito ya ba mutanen garinsu Whyalla haƙuri ba kafin Asabar, to zai jefa Kofur Bram ɗinsa a wuta a harabar kulob ɗin ƙwallo, kowa yana gani. Kafin ya goge kumfar bakinsa Spiro ya riga ya saki bidiyon a duniya.

Warwick mai gyaran famfo ne, ya doshi hamsin, yana da tumbi da sanƙo da gwiwar da ke ƙara duk sa'ad da ya durƙusa ƙarƙashin wurin wanke-wanke. Shi ne kuma shugaban Ƙungiyar Masoya Kofur Bram ta Kudancin Ostareliya, ƙungiyar da mota biyu ke kwashe ta kaf idan an ɗan matsa.

Ranar da sabon katun ɗin ya fito, hutun aiki ya ɗauka. Ya zauna gaban talabijin da shirin yin afuwa. Sun sa mugun sarki yana kuka yana tuna uwarsa, ya haƙura. Sun ba yarima siririn wuya da murya irin ta mai neman aiki, ya haƙura. Sai ga Kofur Bram, jarumi mai kan dorina, tsaye a gefe. Ya buɗe wa dakaru ƙofar fada, ya ce musu "A dawo lafiya," ya rufe. Ba a sake ganinsa ba.

"Maigadi, Narelle!" ya ƙwala wa matarsa. "Sun mai da shi maigadi!"

"To ai ya samu aikin yi," in ji ta daga kicin. "Wasu suna nan zaune ranar Talata suna kallon katun."

"Ina gatarinsa? Ina 'Kowa ya koma bayana'? Ko sau ɗaya bai faɗa ba!"

Wannan kalma duk wanda ya tashi a layinsu ya san ta. Idan yaƙi ya ɓaci, Bram ne ke shigowa gaba, ya buɗe wannan ƙatuwar murya: kowa ya koma bayana! A zamaninsu kowane yaro a unguwar Bram yake da shi. Bram ke yaƙar Bram a ƙarƙashin igiyar shanya, Bram ke ceton Bram daga bakin kare. Warwick bai taɓa tambayar kansa me ya sa ba wanda yake da yarima ba.

Washegarin rantsuwa ya farka. Ya dubi Bram a kan kanta. Hannu ɗaya kare ya tauna, fentin ido ya goge. Babansa Des ne ya saya masa shi wata Kirsimeti, kuma Des ya daɗe a makabarta. Cikin kayan Des da suka rage a duniya, daga wannan sai wata hular aiki da ta ƙi shiga kan kowa.

Amma magana ta fita. Ya sa rai kamfanin zai tsorata, ya riƙa duba waya har cikin banɗakunan mutane. Shiru. Sai ya koma ga hasashen yanayi. Watan Disamba ne, lokacin bazara a Ostareliya, idan zafi ya tsananta hukuma za ta hana kunna wuta a fili, shi ke nan, ya fita kunya, har ma ya samu hukumar da zai zaga. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana tsine wa zafin Whyalla ya koma roƙonsa a asirce. Asabar ta waye da sanyi mai daɗi, har da ɗan yayyafi.

"Jarumi, ka ɗauki ashana?" in ji Narelle a bakin mota.

"Ba abin dariya ba ne."

"Ni na ce abin dariya ne? Ka ce ka fasa mana, wa zai kama ka?"

"Shugaba ne ni."

"Na mutum bakwai da kare."

A kulob an jera kujerun roba, ana gasa sosej, wato niƙaƙƙen nama irin na Turawa, da albasa, an ajiye rabin duro cike da itace a harabar baya. Spiro, wanda ke tuƙa motar kai kifi kuma bai taɓa barin wata rigima ta mutu da kanta ba, ya shirya komai. Kafin a ƙona, ya ce, sai an nuna katun na asali, domin duniya ta ga abin da aka lalata. Kaset ɗin kuwa mutum ɗaya ke da su a garin, wato Val, mahaifiyar Warwick, wadda ba ta taɓa zubar da komai ba tun da aka haife ta. Ta zo da su cikin kwalin lemo, ta zauna a gaba da jakarta a cinya.

Aka sa kaset. Hoton ya yi rawa, kiɗan ya tashi, ƙattin maza suka bi waƙar. Wani ma ya cire hula.

Daga nan abu ya fara tsami. Yarima yana magana, ba abin da ke motsi a jikinsa sai leɓe. Dakaru suka wuce dutse ɗaya a guje, suka sake wuce shi, suka sake. Kowane ɗan lokaci sai a shigo da sabuwar motar yaƙi, a juya ta hagu da dama yadda yaro zai gane ta a shago. Ba wanda ya dubi ɗan'uwansa.

"Ku jira dai, Bram na zuwa," in ji Spiro.

Ya zo. Ya buɗe ƙofar fada. Dakaru suka fita. Ya rufe. Ko uffan bai ce ba.

"Wannan shimfiɗa ce. Sa na gaba," in ji Spiro.

A na gaba ya buɗe ƙofar, ƙofar ta dawo ta buge shi. A na bayansa ƙafarsa kawai aka gani. Suka bi kwalin nan kaset bayan kaset, sosej ya huce, babu gatari, babu murya.

"An taɓa kaset ɗin nan," in ji Spiro, ya miƙe tsaye. "Na rantse an taɓa su. Mama Val, wa ke da makullin sitonki?"

Val ta dube shi ta saman tabarau, sai dariya ta ƙwace mata, har da tari.

"Ku ji min sakarkaru. Mutanen Amurka ne za su hau jirgi su zo sitona? Des ne fa."

"Wane Des?" in ji Warwick, kamar akwai wani.

"Ubanka mana. Shagon garin nan ai sai abin da sauran duniya ta ƙi saya ake aiko masa. Kwando guda na wannan mai kan dorinar, ba kowa sai shi. Ka zauna gaban talabijin kana jira ya yi wani abu, bai yi ba, ka ɓarke da kuka har ka ƙi cin abinci. Shi ne Des, da ya taso daga masana'antar ƙarfe, ko wanka bai yi ba, sai ya ɓuya bayan tankin ruwa da abin nan a hannu, ya yi ta ihu da muryar nan. Cokalin miyata ne gatarin. Duk yaran layi kuka riƙa taruwa a gidana kuna cinye min biskit." Ta nuna Spiro da haɓa. "Kai kuwa, ranar farko da ya yi muryar, sai da na ba ka wandon Warwick ka sa."



Spiro ne ya fara farfaɗowa. "To kun gani? Ashe tun farko suka raina shi! Laifin ya ninka ke nan. A kunna wuta!"

Jama'a suka samu abin riƙewa, suka yi waje da murna. Wuta ta kama. Spiro ya ɗaga waya, ya ce duniya na kallo kai tsaye, ya tura Warwick gaban duro.

Warwick ya zaro Bram daga aljihu. Zafin wutar yana dukan fuskarsa. A wuyan abin akwai wani zagayen gam da ya yi rawaya, inda kan ya taɓa cirewa aka mayar. An liƙa shi a karkace. Shekara da shekaru yana faɗa wa ƙungiya cewa haka kamfani ya ƙera shi, yana kallon gefe saboda abokan gaba. Yanzu ya tuna babban yatsan babansa da ya danne kan nan har gam ya kama, baƙi ƙirin da ƙurar ƙarfe, yana cewa kada ka motsa, Kofur, aiki ake maka.

"Jefa mana, Warwick, hannuna ya gaji!" in ji Spiro.

"Mutum nawa ke kallo?"

Spiro ya leƙa wayar. "Ba su kai goma ba. Amma suna ƙaruwa."

"Ɗaya ni ce," in ji Narelle daga bayansu, ta ɗaga tata.

Warwick ya mai da Bram aljihun rigarsa, kan dorinar yana leƙowa a karkace.

"Na fasa."

"Haba mutumina! Ka fa rantse!"

"Na rantse, na fasa. Ga wuta nan, kai ka jefa naka."

Spiro ya shafa aljihu. Nasa yana gida. Da aka bincika, na kowa yana gida.

Wannan bai hana a yi taron gaggawa a tsaye ba. Aka tsige Warwick bisa laifin cin amanar ƙungiya da jawo mata abin kunya a idon duniya. Aka naɗa Spiro, wanda nan take ya yi alkawarin sabuwar gwagwarmaya, wannan karon a kan katun na da da na yanzu gaba ɗaya. Tunda wuta ta riga ta kama, aka sake ɗumama sosej a kai. Val ta ci biyu, ta naɗe na uku a takarda ta sa a jaka.

Ranar Lahadi da rana Narelle ta shigo falo ta tarar da tsohon shugaba a miƙe, ya kunna kashi na biyu na sabon katun, Bram zaune a hannun kujera yana fuskantar talabijin. A allon, mai kan dorina ya buɗe ƙofa, ya yi wa dakaru fatan dawowa lafiya, har aka ɗan tsaya a kan fuskarsa yana bin su da kallo.

"Ka ga su har magana suka ba shi," in ji ta.

Warwick ya mai da hoton baya, ya sake kallo. Ya matso gaba, ya ƙanƙance ido.

"Da hannun hagu yake buɗe ƙofar a na asali," ya ce. "Ki duba ki gani, dama suka sa masa. Mutanen nan ba su san komai ba."

Ya fara laluben aljihu.

"Warwick," in ji Narelle, "ka taɓa wayar nan ka gani."