Haruffa Masu Ƙugiya

"Malama, don Allah ɗauke hannunki. Duk dannawar da kika yi ƙara musu ƙarfi kike yi."

Malama Shamsiyya ta ɗauke hannu daga kan kwamfutar, ta yi tsaki. Tun ƙarfe tara take zaune a kan benci a shagon Ja'afar mai gyaran waya da kwamfuta, a bakin tashar Bebeji, ga zafi, ga ƙarar injin niƙan maƙwabci yana shiga mata har cikin haƙora. Daga Kiru ta taso ko karin kumallo ba ta yi ba. Shekaranjiya ta kai filashinta wani shago aka buga mata tambayoyin jarrabawar ɗalibanta, jiya ta dawo ta soka shi a kwamfutarta ta gida, yau da safe ta buɗe ta tarar da fayiloli sun fara ɓacewa, wasu kuma sun haihu bibbiyu.

Ba tambayoyin jarrabawa ne suka ɗaga mata hankali ba. Fayil ɗaya ne, mai suna Kalmomi. Shekara tara ke nan, duk hutun makaranta, tana bin tsofaffi daga Badafi har Falgore tana tattara kalmomin da yaran yanzu ba su taɓa ji ba: sunayen ciyayi, kayan noma, irin-irin ruwan sama, da kalmomin da Fulani maƙwabta suka ba Hausar yankin aro. Kalma dubu uku da ɗari huɗu, kowace da ma'anarta da sunan wanda ya faɗa mata. Tsofaffi talatin da ɗaya ne suka ba ta, kuma yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya.

Ja'afar ya gyara zaman tabarau. Mutum ne mai furfura jefi-jefi, mai son aikinsa, mai kuma son a san yana son aikinsa.

"Fayil ɗinki yana nan, bai mutu ba tukuna. Amma Malama, Windo bakwai? A wannan zamanin? Masu ita sun daina aiko mata da gyara tun dubu biyu da ashirin. Gida ne kike kwana a ciki babu ƙyaure."

"To a sa masa ƙyauren mana, Malam Ja'afar."

"Ba a sa wa. Sai dai a tashi a sake gida."

"A sake."

"Wanne?"

Nan aka fara. Ya ce akwai Windo goma, amma ita ma an fara janye mata hannu. Akwai sha ɗaya, amma wannan tsohuwar kwamfutar ba za ta ɗauka ba, sai dai a yi mata dabara a tura ta da ƙarfi, in kuma aka tura za ta riƙa tafiya kamar mai ciwon baya. Akwai kuma wata da yake sa wa mutane, wadda aka fasa, komai a buɗe, ba ta tambayar lasisi.

"Wa ya fasa ta?"

"Wasu ne dai, a intanet."

"Wato ɓarawon da ya fasa ƙofar wani, shi zan ba makullin ɗakina?"

Ja'afar ya yi dariyar yaƙe. "Kowa ita yake amfani da ita, Malama."

"Kowa kuma nan yake dawowa wurinka."

Ta ciro waya ta kira ƙanenta Mujitaba, wanda yake aikin kwamfuta a Zariya. Kuskuren da ta yi shi ne da ta buɗe muryar kowa ya ji. Kafin ta gama bayani ya katse ta.

"Yaya, shekara nawa ina gaya miki? Linux za a sa miki. Kyauta ce, halal ce, tsohuwar na'ura tana ɗauka, kuma irin wannan bairos na filashi ba ya cin ta."

Ja'afar ya matso da bakinsa kusa da wayar. "Ranka ya daɗe, wa ya iya Linux a Kiru? Ranar da firinta ta ƙi aiki, daga Zariya za ka zo?"

"Malam, kai dai faɗi gaskiya, ba ka iya sa ta ba ne."

"Ni? Tun kana firamare nake buɗe cikin kwamfuta!"

Minti ashirin suka yi a haka. Wannan ya kira lamba, wancan ya kira wata lambar, suna jifan juna da sunayen da ko ɗaya ba ta taɓa ji ba. Masu jiran a gyara musu waya suka gyara zama, har wani mai rake ya ajiye baro ya leƙo ya ce shi a ganinsa a sayi sabuwa kawai. Ana cikin haka kiran maigidanta, Malam Hamidu, ya shigo. Shi ma da tasa: a bar ta yadda take, a sa mata maganin bairos, abin da ya yi shekara tara yana aiki ba a taɓa shi. Maza huɗu, shawara huɗu, kuma babu wanda ya tambaye ta me take yi da kwamfutar. Ranta ya ɓaci ƙwarai, ta ji kamar ta ɗauki abarta ta koma gida.

Ta buga tafin hannunta a kan tebur.

"Ku saurara. Tambaya biyu gare ni. Wacce ce har yanzu masu ita suke aiko mata da gyara, kuma wannan tsohuwar za ta iya ɗauka?"

Ja'afar ya ce, ba da son ransa ba, "In haka ne, ta ƙanenki ce."

"Za ta buɗe mini rubutuna?"

"Za ta buɗe," in ji Mujitaba. "Amma a sa mai dogon zango, wadda za a yi shekaru ana kula da ita. Kada a sa ta gwaji. Kuma ki riƙa karɓar sabuntawa, Yaya, ba ki riƙa danna 'sai an jima' ba kamar yadda kika saba."

"Na ji. Malam Ja'afar, kana da ita?"

Yana da ita. Wani ma'aikacin asibiti daga Tudun Wada ya taɓa sa shi ya sauko da ita bara. Ya ce zai kwashe fayilolinta zuwa tasa kwamfutar, ya goge tata tas, ya goge filashin shi ma tunda shi ne ya kawo cutar, ya sa sabuwar, sannan ya mayar mata da kayanta. Aikin awa uku ne.

Ta miƙe tana gyara mayafi. "Wannan fayil ɗin, Kalmomi. Ka duba shi da kyau. Kada ka mayar mini da shi da ko ɗigon bairos. Ka tsabtace shi."

"Ki kwantar da hankalinki, Malama. Da hannuna zan bi shi."

Ta tafi gidan wata ƙawarta da suka yi kwalejin horon malamai tare, ta yi azahar, ta ci dambu, har ta ɗan yi gyangyaɗi. Karon farko a ranar ta ji kafaɗunta sun sauka. Ta yi zaɓi, kuma a ganinta ta zaɓi daidai.

Ana gab da kiran la'asar ta dawo. Ja'afar ya tarbe ta da fara'a har kunne. Kwamfutar ta tashi cikin ƙiftawar ido, abin da a da sai ta kunna ta je ta ɗora ruwan shayi ta dawo. Ya nuna mata inda za ta sa kalmar sirri, da inda sabuntawa take shigowa. Mutumin da ɗazu yake zagin Linux yanzu shi ne yake yabonta kamar shi ya ƙera ta.

"Buɗe mini Kalmomi."

"Ai wannan shi ya fi ba ni wahala. Allah ya so ki, bairos ɗin ya fara cin sa. Da na buɗe a tawa, duk ya cika da tarkace. Amma na gyara."

Ya buɗe. Ta sunkuyo. Layin farko da idonta ya sauka a kai ya ce: *kasa mai danko, wadda ake dibar ta a bakin kogi don yabe daki.*

Ta sake karantawa. Ta gangara ƙasa. Ta sake gangarawa. Babu ƙa, babu ɗa, babu ɓa. Shafi bayan shafi, duk haruffan sun miƙe sumul kamar an yi musu aski.

"Malam Ja'afar," ta ce a hankali, "wane irin tarkace ka gani?"

Ya jawo takarda ya zana mata: }asa, {aki, |era. "Irin wannan. Ko'ina. Sai na lura duk inda wannan alamar take, harafin ka ne ya kamata a wurin. Wannan da, wannan ba. Na ce wa na'ura ta musanya su gaba ɗaya. Fiye da wuri dubu tara, Malama, a minti ɗaya."

Sai yanzu ta tuna. Shekara tara da suka wuce, lokacin da kwamfutarta ba ta san haruffa masu ƙugiya ba, wani malaminsu ya sa mata wani tsohon salon rubutu na musamman. In ta danna waccan alamar sai ƙa ta fito, in ta danna wannan sai ɗa. Yatsunta sun haddace, kanta ya manta. A kwamfutar da ba ta da salon, sai alamun su fito tsirara. Ba bairos ba ne. Ƙugiyoyinta ne.

"Ina na asalin? Wanda ka kwafa kafin ka taɓa?"

"Shi ne wannan. A kansa na yi gyaran, na adana."

"Filashin fa?"

"Na goge shi. Ai kin ji na ce zan goge."

"Cikin kwamfutar?"

Ya cire tabarau yana goge shi da bakin riga.

"Amma Malama, ai ana ganewa. Duk haka muke rubutu a waya. Wa zai ga *daki* ya ce ba ɗaki ba ne?"

"Ɗaki na sani!" Muryarta ta tashi har mai niƙa ya leƙo. "Ƙasa na sani, ɓera na sani! Waɗannan zan iya zama in mayar musu ɗaya bayan ɗaya, ko wata shida zai ɗauke ni. Amma ka san me ya sa na tara kalmomin nan? Don ba wanda ya san su! Ni ma sau ɗaya na ji su, daga bakin tsoho, na ce ya maimaita, na kasa kunne, na rubuta. Ƙugiyar nan ita ce shaidar yadda ya faɗa. Yanzu wa zan tambaya?"

Ja'afar ya zauna a kan kujerarsa. Fara'ar ta tafi. "Ke kika ce in tsabtace shi," ya faɗa, ba da gardama ba, kamar mai gaya wa kansa.

Abin da ya fi ƙona mata rai ke nan, don gaskiya ya faɗa. Ta so ta samu wanda za ta zaga, ta duba ta rasa. Ta kira Mujitaba. Ya yi tambayoyi, ya sa Ja'afar ya danna nan ya danna can, suka yi rabin awa suna lalube, wannan karon ba musu, muryoyinsu ƙasa-ƙasa. A ƙarshe Mujitaba ya ce, "Yaya, an rubuta sabuwar a kan tsohuwar. Ki yi haƙuri." Ya ƙara da cewa ita sabuwar tana da haruffa masu ƙugiya na gaske, waɗanda kowace na'ura za ta gane, zai nuna mata yadda ake kunna su. Ta ce ta gode.

Ta yi la'asar a gefen shagon wata mai abinci, ta shiga motar Kwanar Dangora. Aka cusa su huɗu a baya. Ta ɗora kwamfutar a cinya ta buɗe, ta sa sabuwar kalmar sirri, ta fara bin sunayen da ke gefen kalmomin. Baba Audu na Badafi yana nan, sai dai kunne ya yi nauyi. Inna Hussaina ta Falgore tana nan, in damina ta bari a bi hanyar. Akwai wasu biyu a Doguwa. Huɗu ke nan cikin talatin da ɗaya. Ta ƙudura a ranta ranar Asabar za ta fara da Falgore.

Sai ta iso kan wata kalma, yatsanta ya tsaya.

*Kudaba: yar kunyar da ake tayarwa a gefen gona don ta tare ruwan da ke gangarowa daga tudu. Daga bakin Malam Zakari, Badafi.*

Mahaifinta ne, Allah ya jiƙansa. Ta tuna ranar sarai: yana zaune a kan buzu a zaure yana gyara ƙotar fartanya, yana yi mata dariya wai 'yar boko ta zo koyon Hausa a gidan ubanta. Ta tuna hularsa, ta tuna tarinsa. Har ta tuna ya faɗi kalmar sau biyu. Amma sautin ya ƙi zuwa. Ka, da, ba: harafi uku, kowanne yana iya zama da ƙugiya ko babu.

"Ƙudaba," ta faɗa a hankali. "Kuɗaba. Kudaɓa. Ƙuɗaba."

Matar da ke kusa da ita ta juyo. "Baiwar Allah, magana kike yi?"

"A'a, Hajiya."

Ta juya wajen taga, ta ci gaba da gwadawa ba tare da sauti ba, har ta ƙure duka takwas ɗin. Kowacce ta zauna daidai a bakinta, kuma a kowacce tana iya jin muryarsa.